Tayar Da Kawuna Ya Hana Ni Ba Wa Iska

Assalamu alaikum Edita. Ni direba ne, ko in ce na taɓa zama direban babbar mota, haifaffen garin Daura. A lokacin da abin nan ya faru ina da mata da 'ya'ya ƙanana, ina tuƙa motar kawuna, wan mahaifiyata, wata mai taya shida da muke ɗaukar shanu da buhunan hatsi zuwa kasuwanni. Na daɗe a kan sitiyari ban taɓa ture ko akuya ba. A tasha har tsokanata ake yi, wai na fi duba taya a kan duba iyalina, domin kullum da safe kafin in tayar da mota sai na zagaya da gejina na auna iskar kowace taya tun tana da sanyi. In lodi mai nauyi zan ɗauka in ƙara mata daidai abin da aka rubuta a jikin ƙofar motar, in kuwa wayam zan dawo in san yadda zan yi. Ba ni da wani ilimi da ya wuce wannan, amma da shi nake ciyar da gidana, da shi kuma mutane suka yarda da ni.

Shi Kawu dillalin shanu ne da Allah Ya buɗa masa har ya sayi mota. Bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma tun ranar da motar ta zama tasa ya zama ya fi kowane direba sanin mota. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, kuma ba ya bari rana ta faɗi bai tuna wa mutum hakan ba. Don haka a gidanmu in ya ce fari, kowa sai ya ce fari.

Wata rana ce cikin bazara, ranar kasuwar Mashi. Da sassafe muka tafi wata ruga a bayan Baure muka loda bijimai. Kawu ya zauna a gaba kusa da ni. A sama kuma, kan katakon da aka gitta, wani dattijo makiyayi ya zauna, wanda ya shekara da shekaru yana yi wa Kawu kiwo. Aikinsa ya lura da shanun, in wani ya kwanta ya tayar da shi kada 'yan uwansa su tattake shi. Mutum ne mai sanyin hali, duk sanda na je rugar sai ya sa an kawo mini nono.

Hanyar fita daga rugar rairayi ne zalla. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe, tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Muka sa itace, muka sa kara, ta ƙi. Sai na yi abin da kowane direban jeji ya sani, na sauka na rage iskar tayoyin sosai don su baje a kan yashin. Da haka muka fita. Tun a nan na gaya wa Kawu cewa muna hawa kwalta a Baure zan tsaya wurin mai faci a mayar da iskar, domin tayar da aka rage wa iska ta rairayi ce kawai, ba ta kwalta ba, balle da wannan nauyin a kanta. Ya ce ya ji. Amma kafewar nan ta cinye mana safiya, rana ta ɗaga, shi kuwa hankalinsa duk yana kan masu sayen da za su cika motocinsu su tafi kafin mu isa.

Da muka shiga Baure na hango mai faci a gindin bishiya, injinsa ma a kunne yake. Na soma rage gudu, Kawu ya tambaye ni me nake yi. Na gaya masa. Sai ya ce wai ban da hankali, a wannan zafin wa yake ƙara wa taya iska, ai kumbura za ta yi ta fashe, gara ma da na rage. Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce take lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, da haka take dafa kanta daga ciki har ta yage. Ya ce tun ba a haife ni ba yake shiga mota, kada in koya masa. Na wuce, zuciyata tana tafasa, ina gaya wa kaina cewa a Daura ko me zai yi sai na tsaya.

Na kuwa tsaya. A bakin hanya cikin Daura, daf da wani mai faci da na saba da shi, na kashe mota na sauka. Da na kai hannu kan tayar baya sai da na janye don zafi. Tayoyin nan biyu-biyu sun yi tumbi har suna gogar juna, wari na roba yana tashi. Na kira mai facin, ya jawo tiyonsa. Sai ga Kawu ya diro daga mota yana gyara babbar riga, ya daka masa tsawa ya ce kada ya kuskura ya taɓa masa mota. Sannan ya juyo kaina a gaban jama'a, masu shayi da 'yan acaɓa duk suna kallo.

"Motarka ce ko tawa?" in ji shi. "Ni na ciyar da kai har ka yi gemu, yau ni za ka tsayar a titi kana yi mini karatu? Ka shiga mu tafi, ko ka miƙo mini mabuɗina yanzun nan!"

Na ce, "Kawu, don girman Allah, ba za a daɗe ba. Akwai rai a kan motar nan."

Ya ce ran yana hannun Allah, ba a hannun geji ba.

Edita, da a ce na miƙa masa mabuɗin nan, da yau ban rubuto wannan ba. Amma na tuna Inna, mahaifiyata, na tuna yadda za a ce na wulaƙanta wanta a bainar jama'a, sai na sunkuyar da kai na hau. Muka kama hanyar Mashi. Ina tafiya a hankali, yana ta ce mini in taka, ko jaki ya fi mu sauri. Sitiyarin ya yi nauyi, bayan motar yana rangaji kamar muna tafiya a kan katifa. Kwalta tana ta ƙyalli don zafin rana.

Ba mu yi wani nisa da Daura ba na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashinmu. Tayar baya ta hagu ta fashe, ta kusa da ita ta kasa ɗaukar nauyin ita kaɗai, ta bi ta. Motar ta karkace, bijiman suka zube gefe guda, nauyinsu ya ƙarasa abin da tayar ta fara. Ban taka birki ba, na riƙe sitiyari da duk ƙarfina, amma ina! Muka sauka daga titi, motar ta kwanta a cikin wata gona. Da na fito ta taga, jini yana zuba a goshina, abin da na fara gani shi ne dattijon nan kwance can gefe, wani bijimi ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Idonsa a buɗe, bakinsa yana motsi. Abin da na fara ji kuwa muryar Kawu ce, ko ƙwarzane bai yi ba, yana ihu a kawo wuƙa, a kawo wuƙa, a yanka shanun da suka karye kada su zama mushe. Wallahi har in mutu ba zan manta da wannan ba. Mutum yana ƙarƙashin bijimi, shi wuƙa yake nema. Ni da wasu manoma da suka rugo muka ɗaga san muka zaro dattijon.

An kai shi asibiti a Daura, daga nan aka tura shi Katsina. Ya rayu, amma ƙashin bayansa ya taɓu, har yau ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin shanu a ƙafa, yanzu sai an ɗauko shi an fito da shi inuwa.

Ina jinyar kaina a gida labari ya fara dawo mini. Wai gudu nake yi. Wai Kawu ya yi ta roƙona in rage, na ƙi, don ina jin haushin faɗan da ya yi mini a gari. Shi da bakinsa yake faɗa wa duk wanda ya je yi masa jaje, yana ƙarawa da cewa ya yafe mini, ai ɗa ne, kuma ƙaddara ce. Mutane suna ta yaba haƙurinsa. Waɗanda suka ga abin da ya faru a wurin mai faci, babu wanda ya buɗe baki, don ba sa son shiga tsakanin dangi. Na tashi zan je in same shi a zaurensa a gaban baƙinsa, Inna ta tare ƙofa tana kuka. Ta ce in har nononta na sha, kada in tona wa ɗan uwanta asiri, in bar wa Allah. Na koma na zauna. Na yi imani da ƙaddara, Edita, amma abin da yake ƙona mini rai shi ne yadda mai laifi yake rigan kowa ambaton ta, ya lulluɓa da ita, a bar wanda ba shi da baki a waje.

Da na warke na koma tasha neman mota. Kowa ya gaishe ni da kyau, kowa ya ce sai dai wani jiƙon. Wa zai ba da motarsa ga wanda ya kifar da ta kawunsa don fushi? Sai da na yi watanni a zaune, matata tana sayar da ƙosai muna ci.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dattijon. Na kasa jure a ce yana kwance yana ganin ni na nakasa shi. Na hau acaɓa na tafi rugar. Matarsa ta amsa sallamata ciki-ciki ta juya mini baya. Na durƙusa kusa da tabarmarsa na soma ba shi labarin yadda aka yi, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ba sai na faɗa ba, yana saman motar a Daura, ya ji komai, ya ga sanda aka kori mai facin. Na tambaye shi, to me ya hana shi gaya wa mutane, ko da matarsa ce? Ya dubi ƙafafunsa ya ce 'ya'yansa ne yanzu suke kiwon shanun Alhaji, wato Kawu, kuma geron da suke ci daga gidan Alhaji yake zuwa. Ya ce in yafe masa. Shi da aka karya wa baya, shi yake neman gafarata! Na fito daga rugar nan ina kuka kamar ƙaramin yaro, kuma ba kukan tausayi kaɗai ba ne.

Yanzu keke mai ƙafa uku nake tuƙawa a cikin gari. Kawu ya gyara motarsa ya ba wani. Ina gaishe shi ranar Salla saboda Inna, daga nan ban ƙara ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa zuciyata ta huce ba.

'Yan uwana direbobi, don ku na rubuto. Ku auna iskar tayarku da safe tana da sanyi, da geji, ba da bugun ƙafa ba. Ku bi abin da masu ƙera motar suka rubuta, ku duba nauyin da kuka ɗauka. In kun rage iska don rairayi, kada ku yi nisa a kwalta ba ku mayar ba, kuma kada wani ya ruɗe ku da cewa zafin rana yana son taya mai laushi. Masu mota kuma ku ji tsoron Allah, kuɗinku ya saya muku mota, bai saya muku sanin ta ba. In kuwa aka ce maka ko ka tafi a haka ko ka miƙo mabuɗi, ɗan uwana, ko wane ne shi a wurinka, ka miƙa masa. Kunyar da za ka ji a bakin titi ta yini ɗaya ce. Ni na guje mata, kuma ga wani bawan Allah can a ruga ana ɗaukarsa kamar jariri.