Baƙaƙen Sulallan Ƙanena

Wasu shekaru can baya, bayan mun binne kakanmu, mahaifiyata ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gadonsa. Tsohon ma'aikacin reluwe ne a nan Kafanchan, mutumin da ko ƙusa bai taɓa yarwa ba. Gwangwanin cike yake da kuɗin zamanin Turawa. Manya suka ce wannan ai tarkace ne, a ba jikoki, wato ni da ƙanena.

A gidanmu ƙarami ke rabawa, babba ya zaɓa. Haka ake yi da naman Kirsimeti, haka ake yi da komai. Ƙanena bai tsaya ƙirga ba, kala ya bi. Gefe guda ya tara kwabbai masu huji, manya, farare tas. Ɗaya gefen kuma sulalla ne da ba su kai rabin waɗancan ba, sun yi baƙi ƙirin kamar daga murhu aka tono su. Ko kallo na biyu ban yi ba na kwashe fararen. Har tausayinsa na ji.

Lokacin ina koyarwa a Kagoma, kuɗin acaɓa na cinye mini albashi, ba abin da nake mafarki sai babur. Da abokina na ƙungiyar mawaƙan coci ya ce akwai maƙeri a kasuwa mai sayen tsofaffin kuɗi saboda azurfar da ke cikinsu, sai na ji kamar an miƙo mini makulli. Ran Asabar na ce wa ƙanena ya rako ni, ya zo da nasa ko zai samu na sabulu.

Maƙerin ya goga kwabona a dutse, ya ɗiga masa wani ruwa, ya turo mini kayana. Ya ce, "Malam, waɗannan babu azurfa a ciki. Azurfa in ta daɗe a ajiye baƙi take yi." Kafin ya rufe baki ƙanena ya kwance ledarsa. Mutumin ya saki sule ɗaya a siminti, ya yi wani ƙara siriri mai daɗi, na ji shi har cikin haƙorina.

Aka ɗora su a sikeli. Maƙerin ya ce cikin kashi goma na nauyin, tara da ɗan ɗoriya azurfa ce, sauran jan ƙarfe, sannan ya faɗi farashin giram. Ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, kai ne tica, ka buga mana a waya kar a cuce mu." Mu! Da hannuna na cire abin cirewa, na ninka da farashi. Na goge na sake, ina addu'ar a ce na yi kuskure. Ban yi ba. Kuɗin sun isa sayen babur na hannu.

Kishi nake, kuma kishi mai zafi. A hanyar gida ko tarinsa haushi yake ba ni. Na lallaɓa wurin mahaifiyata na fara zancen cewa rabon nan bai yi daidai ba. Tana tsintar wake, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Wa ya zaɓa?"

Da yamma sai ga shi da kuɗin a hannu. Ya ce, "Yaya, wannan abu na mu biyu ne. Mu raba." Zuciyata ta yi tsalle. Amma babba ba ya karɓa daga hannun ƙarami a tayin farko, sai an matsa masa, kowa ya san haka. Na gyara murya na ce, "Haba, rabonka ne, Allah ne ya ba ka." Na zauna ina jiran ya nace.

Yaron nan sai ya rungume ni, har da hawaye, ya mai da kuɗin aljihu. Ran Lahadi kuma ya miƙe a coci ya ba da shaida, wai Ubangiji ya ba shi yayan da bai san ƙyashi ba. Aka yi ta tafi. Matan zumunta suna juyowa suna yi mini murmushi. Bayan wannan da wane baki zan ce a raba?

Ya sayi babur ɗin, ya yi ta jigilar citta zuwa Kachia da shi, ni na ci gaba da tsayawa bakin titi ina ɗaga hannu.

Abin ya wuce tuni, muna zaune lafiya, ƴaƴansa a gidana suke hutu. Abin da na koya kaɗan ne: in ka furta halin kirkin da ba ka da shi, mutane za su yarda, kuma kai za ka biya. Har gobe in yara suka yi faɗa a unguwarmu ni ake nuna musu. Nakan sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Gaskiyar ita ce har yau ina jiran ƙanena ya sake yi mini tayin nan.