Alhajin da Surutunmu Ya Mayar Cikin Mota

Wata rana wani ɗan kasuwa a Gusau, mai shagon kayan gini, ya yi sujada a sallar la'asar ya kasa ɗagowa.

Alhaji Tasi'u sunansa. Shekarunsa sun ɗan haura hamsin.

Liman ya yi kabbara, sahu ya miƙe, shi kuwa yana durƙushe yana haki, yana ganin duhu-duhu. Sai da na kusa da shi ya kama hammatarsa ya tayar da shi.

Washegari matarsa, Hajiya Sahura, ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likita ya auna jini, ya auna suga, ya ɗora shi a kan sikeli. Sannan ya cire tabarau ya dube shi.

"Alhaji, ga magani, amma magani kaɗai ba zai riƙe ka ba. Ka rage ci, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum. In ka ci gaba da wannan zaman, ina ji maka tsoron shanyewar ɓarin jiki."

Gaskiya likita ya faɗa.

Mutumin nan daga ƙofar gida sai mota, daga mota sai kujerar shago. Da hantsi waina da miya, da rana shinkafa da kaza, bayan la'asar tsire da lemon kwalba mai sanyi. Masallacin Juma'ar da ke bayan layinsu ma da mota yake zuwa. Rabon da ya ga yatsun ƙafarsa yana tsaye, shi kansa ya manta.

Ya dawo gida jiki a sanyaye. Tsoro ya kama shi sosai, don ya ga yadda wannan ciwo ya kwantar da kawunsa shekara da shekaru.

Ya ce zai fara.

Ya sayo wando da riga irin na masu motsa jiki, da kambas fari tas. Ya fito bayan gari ya waye, tumbi a gaba, yana jan rigar ƙasa don ta rufe.

Bai wuce teburin mai shayi ba ya ji an tuntsire da dariya a bayansa.

Kafin azahar labari ya riga shi shiga kasuwa. Wai Alhaji Tasi'u ya samu budurwa, gyaran jiki yake yi. Har wani abokin ciniki ya tambaye shi yaushe za a raba goro.

Ya koma gida ya ninke kayan nan ya cusa a ƙasan akwati.

Ya ce to shi kenan, zai yi tafiyarsa a cikin kayan mutunci. Kaftanin shadda, hula, takalmin fata, carbi a hannu.

Nan ya tafka kuskure bai sani ba.

A garinmu, wanda aka gani da kambas yana zufa, ko an yi masa dariya an san motsa jiki yake yi. Amma babban mutum da shadda, a ƙasa, a gefen titi, da sassafe? Fassara ɗaya ce da shi: mota ta tafi.

Kuma kun san halinmu, ba ma wuce wanda muka sani a hanya. Ɗabi'a ce mai kyau, ban ce a daina ba. Sai dai in an tsaya maka ka ƙi hawa, ka yi wulaƙanci ke nan.

Ranar farko bai kai bakin titi ba maƙwabcinsa Malam Lurwanu ya ci birki da mashin.

"Subhanallahi, Alhaji, kai ne a ƙasa? Hau mu je."

"Na gode, motsa jiki nake yi."

"To ai ka motsa. Hau."

Kunya ta sa ya hau.

Haka aka yi ta yi. Yau mashin, gobe mota, jibi mai adaidaita da ya taɓa sayen siminti a wurinsa. Mutum ya fito neman lafiya, a kwashe shi kamar kaya a sauke a ƙofar shago, kuma dole ya yi godiya.

Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya sauya hanya. Ya koma bin lungu, ya ɓulla bayan gari ta gefen gonaki, ya zagayo kasuwa ta baya. In an tsaya masa ya ɗaga hannu ya ce Allah ya saka, ya wuce.

Wahala kam ya sha ta.

Cinyoyinsa suka saluɓe saboda guga. Gwiwa ta kumbura. Takalmin fata ya yi masa bororo a dunduniya. Akwai ranar da ya zauna a gindin darbejiya yana haki, ya rantse ya gama, ba zai ƙara ba.

Sahura ce ta riƙe shi.

Ita ke gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi. Ita ta rage mai a miya, ta sauya masa lemon kwalba da zoɓo marar suga, tana sha tare da shi tana yamutsa fuska. In ya yi nauyin tashi, sai ta ajiye masa takalmi a bakin gado ta fita.

A hankali jiki ya fara karɓa.

Hakin ya ragu. Barci ya gyaru. Ya hau benen shagonsa bai tsaya hutawa a tsakiya ba. Wata Juma'a ya zauna zaman tahiya sosai, ƙafa a naɗe, abin da ya yi shekaru bai iya ba. Ya dawo gida yana ba Sahura labari yana dariya kamar yaro.

Da ya koma asibiti, likita ya duba sakamako ya miƙa masa hannu.

"Alhaji, duk abin da kake yi, kada ka daina."

Wallahi ranar ya yi farin ciki.

To amma jiki ya ragu, kaftani bai ragu ba. Shaddojinsa suka riƙa lilo a jikinsa, wuya ya fito, hula ta yi masa yawa.

Sai gari ya haɗa biyu da biyu. Ga tafiya a ƙasa, ga bin lungu, ga rama, ga shi mai tsire ya ce Alhaji ya daina aike.

Shi kenan, an gama yanke hukunci. Alhaji Tasi'u ya karye.

Wasu suka ce kaya ne suka nutse masa a teku. Wasu suka ce 'yan damfara ne. Masu ƙarin gishiri suka ce ai ba karayar arziki ba ce kaɗai, akwai wani ciwo da ake ɓoyewa.

Mota tana nan a gareji, lafiyarta lau. Amma wa zai leƙa?

Aka fara yi masa irin gaisuwar nan mai sanyi. A riƙe hannunsa a daɗe, a karkatar da kai, a ce, "Sai haƙuri, Alhaji. Kowa da irin jarrabawarsa."

In ya ce ai lafiya ce yake nema, sai a ce, "Haka ne, haka ne, Allah ya rufa asiri."

Ran nan ya dawo ya tarar da buhun shinkafa a zaure. Wani ɗan'uwa ne ya aiko, ya ce kada a faɗi sunansa.

Mutumin da duk azumi shi ke rabon shinkafa a unguwa.

Ya tsaya a kan buhun nan ya daɗe, ransa ya ɓaci ƙwarai. Duk da haka washegari ya fita tafiyarsa.

Sai da Yaya Mudi ya zo.

Yaya Mudi shi ne babban wansa. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa kasuwa, shi ya yi masa auren fari. Tasi'u bai taɓa ɗaga kai ya yi masa musu ba.

Ya shigo falo bai ko taɓa ruwan da aka kawo masa ba.

"Tasi'u, abin da kake yi ya isa. Duk inda na zauna sai an yi mini jaje. Ana cewa ƙanena yana yawo a lungu da ƙafa, ni ina gari na zuba ido."

"Yaya, likita ne ya ce in riƙa tafiya. Kuma wallahi na ji sauƙi."

"Likitan ya san gidan da ka fito?"

Yaya Mudi bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"In ciwo ne, ka sha magani a ɗakinka kamar kowane mai mutunci. Gobe in gan ka a mota."

Sahura tana bayan labule tana ji. Da Yaya ya fita ta ce, "Alhaji, jikin nan fa naka ne, ba na Yaya ba."

Ya ce, "Ki bari ƙura ta lafa, zan koma."

Washegari ya shiga mota.

Ba wai bai ƙara gwadawa ba. Ya sayo injin tafiya na cikin ɗaki, amma in akwai wuta ba shi gida, in yana gida babu wuta. Ƙarshe injin ya zama wurin rataye babbar riga. Ya gwada zagaya tsakar gida, taku kaɗan ya ci karo da bango, ya ji abin ya fita a ransa.

Kuma sai ya ga dole ya wanke sunansa.

Ya dawo da aiken tsire, har ya ƙara yawa, don a gani. Duk walimar da aka gayyace shi sai ya je ya ci a gaban jama'a. Maganin ma ya fara tsallakewa, don ya daina zuwa asibiti, kunyar haɗa ido da likita yake yi.

Tumbi ya dawo, ya zo da ƙari.

Gari ya yi murna. "Masha Allah, Alhaji ya murmure. Jiki ya yi kyau. Dama mun ce Allah ba zai bar shi haka ba."

Shi kuwa yana murmushi yana amsawa, yana jin hakin nan na dawowa a ƙirjinsa.

Bayan shekara ɗaya da wani abu, wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauki buta, hannun ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki zai kira Sahura, maganar ta fito a karkace.

Ɓarin dama ya tafi.

Asibiti ya cika da 'yan dubiya, har ma'aikata suna korar mutane. Lemo da ayaba kamar za a buɗe shago.

Malam Lurwanu ya zauna a bakin gado yana girgiza kai.

"Ai mu zaman nan ne yake cutar da mu. Da mutum zai riƙa ɗan tattakawa da safe, da ba haka ba."

Tasi'u ya dube shi. Yana da amsa, amma bakin da zai faɗe ta ya karkace. Hawaye ne kawai ya gangaro ta gefe ɗaya.

Yaya Mudi ya sayo keken marasa lafiya mafi tsada a garin, ya ce ba za a ga ƙanensa a kan na asibiti ba.

Aka sallame su. Makon farko gida cike. Na biyu aka ragu. Kafin wata ya zagayo, sai dai a aiko gaisuwa ta waya.

Yanzu Sahura ce kaɗai ke ɗaga shi. Ita ke kai shi bayi, ita ke yi masa alwala, ita ke riƙe ƙugunsa yana jan ƙafa daga gado zuwa bakin ƙofa. In sun kai, su biyun zufa suke yi.

Wata yamma ta zaunar da shi a tsakar gida. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Mutane... me suke cewa?"

Ta gyara masa filo a baya.

"Ba sa cewa komai, Alhaji. Sun shiga wata maganar."

Darasi:

Ban ce tafiya tana hana ƙaddara ba, ciwo da lafiya na Allah ne. Amma an ba mutumin nan dama, ya kama ta da hannu biyu, bakinmu ya ƙwace masa.

Kai da ka fara motsa jiki, kana haki, ana yi maka dariya, ana tambayarka ko lafiya: ci gaba. Masu surutun nan ba za su kai ka bayi ba. Ko dubiyar ma ta 'yan kwanaki ce.

Mu kuma, don Allah mu koyi kame baki. Ba duk mai tafiya a ƙasa ne ya karye ba, ba duk wanda ya rage jiki ne yake cikin masifa ba. In ka tsaya wa mutum ya ce motsa jiki yake yi, ka yi masa addu'a ka ja motarka.

Tura wannan ga wanda ka san ya fara yana neman sarewa. In kuma akwai Yaya Mudi a danginku, shi za ka fara tura wa.