Tsarabar Kaka da Gajeren Sifirin

Ƙurrr! Daga ƙarƙashin kujerata ƙarar ta fito, awa ana jan tukunyar ƙarfe bisa siminti, sai motar ta tsaya cak. Na ƙara taka mai. Tayoyin baya sunka juya a banza suna watsa busasshen laka, zabbin da ke ɗaure bayan kujera sunka ɗauki kuwwa. Kawuna, yayan innata, yana zaune gefena da hularsa bisa gwiwa, don rufin motar bai barin dogon mutum ya zauna da hula. Ko dubana bai yi ba.

"Kashe ta," ya ce. "Kana ƙona mai kana gina muna rijiya."

Na kashe. Na fita na kwanta ruf da ciki bisa ƙasa mai zafi na leƙa. Hanyar fadama ce, wadda tarakta da amalanken shanu sunka cinye tun damina, rami dama, rami hagu, tsakiya kuma doro. Cikin motar ya hau doron nan ya zauna daram. Ban ga baƙin mai yana ɗiga ba, na gode wa Allah a zuci. Amma ƙauyen kakata yana nan bayanmu ana hango rumbunansa, kwalta tana can gaba da nisa, ga kuma alkawarin da ke tsakanina da Kawu.

Motar tasa ce. 'Yar tsere mai ƙofa biyu, gajeruwa, da dogon hanci, wadda ya saya tun yana saurayi sabon shiga aikin gwamnati. Da can ja ce, rana ta maishe ta launin tukunyar ƙasa. Ta daɗe jibge ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa a Birnin Kebbi, har kaji sunka maida ita wurin ƙwai. Da ya tashi gina shago a wurin, sai ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Ina tsaye sunka zo suna shurin tayoyinta, suna gardamar nauyin ƙarfenta. Raina ya ɓaci awa akuyata za a yanka. Na roƙe shi ya bar mani ita in gyara.

Kawu ya daɗe yana kallona. Yana da dalili. Na bar makaranta tun ban gama sakandare ba, na yi kabu-kabu, na yi aiki a injin shinkafa, na buɗe teburin cajin waya na rufe, yanzu ina gareji. Kullum cewa yake gindina bai ɗumama tabarma.

"To," ya ce. "Gyara ta. In ta kai ni wurin tsohuwa ta maido ni gida, ta tsira, makulli ya zauna hannunka. In ta kunyata ni bisa hanya, 'yan gwangwan su zo da gatarinsu."

Injin bai ba ni wuya ba. Sabon batir, filogi, wanke tanki, sai ga ta tana gurnani. Ƙafafun ne sunka mutu. Ranar da na fara fita da ita, tana tahiya tana lilo awa kwalekwale a tsakiyar Rima. In ka taka birki hancinta ya yi sujada, in ka sha kwana ta kwanta gefe guda har ka riƙe ƙofa. Shokabsoba, masu hana mota lilo, duka huɗun sun zubar da mansu tuntuni. Robobin bushin kuwa, na mahaɗin ƙarafan ƙafa, da munka kwance, murmushewa suke a hannu awa tsohon ƙuli-ƙuli.

Ni da abokina na gareji munka yi aikin, wani Bakatsine da ba mu rabuwa da tsiya ni da shi. Na sai da tantabaruna munka nemo shok masu tauri cikin kayan Kwatano. Shi ya so mu yanko bushin daga tsohuwar tayar babbar mota yadda aka saba, na ce faufau, sai na gaske. Sannan ga sifirin, naɗaɗɗun ƙarafan nan da ke ɗauke da jikin mota. Na kalli bidiyo a waya har idona ya yi ja, na ga yadda ake sauke irin waɗannan motoci su matso ƙasa don su kama hanya. Munka samu gajeru masu kauri munka saka. Munka ja igiya daga tayar gaba zuwa ta baya munka daidaita ƙafafun. Da munka sauke ta daga jak, na danna hancinta da dukan ƙarfina na saki. Ta taso sau guda ta tsaya. Wallahi sai da na zagaya ta ina dariya ni kaɗai.

Na gwada ta a duk wani shatale-tale na Birnin Kebbi. Inda ka nuna da sitiyari nan take bi. Tudun rage gudu kuma na koyi hawansa a karkace, ba ta taɓawa. Duk gwajin nan ni kaɗai ne a ciki, ni da ko buhun gero ya fi ni nauyi.

Zuwa lahiya lau munka yi. Tun daga Ambursa har Argungu maganar Kawu ba ta wuce "rage" da "sannu dai" ba. Da munka sauka kwalta munka shiga fadama wajen Gulma, cikin motar ya ɗan shafi ciyawar doron hanya, shi ke nan. Na ce a raina an gama.

Kaka tana zaune inuwar zaure tana tsinar shinkafa. Ta leƙo ta dubi motar, ta dube ni.

"Kai miji, wagga abar mi anka yi mata taƙ ƙanƙance? Ko yunwa kaka ba ta awa yadda kaka ba ni?"

"Ke dai tsohuwa kishi kike. Na yi amarya."

"Amarya mai jan ciki awa kunkuru! Allah shi kyauta."

Munka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, Kawu ya yi barcinsa bayan azahar. Da munka tashi tahiya, sai na fito na ishe kaya a gefen motar. Lokacin girbin shinkafar rani ne, kowane gida akwai sabuwa. Buhun shanshera, wadda ba a sussuka ɓawonta ba, na Kawu, wani na innata. Kwalin bandar kifi. Albasa, kabewa, zabbi biyu an ɗaure masu ƙafa. Maƙwabciyar Kaka ta ji mota za ta birni, ta aiko da rabin buhu a kai wa ɗiyarta da ke aure can. Wani dattijo ya kawo nasa saƙon shi ma.

Tun ina yaro na san wannan. Mota ba ta barin ƙauyenmu da wofi, kuma abin da tsohuwa ta ɗora ba a sauke shi. Ko a kan babur na zo sai an ɗaura mani wani abu. Amma duk lokacin da nake kwance ƙarƙashin motar nan ina auna tsayinta da yatsa, ko sau ɗaya buhun Kaka bai faɗo mani a rai ba.

"Kaka, wallahi ba ta ɗauka," na ce.

"Ubanwa yac ce? Kawunka da ita yaka kwasar mani gero tun ba a haihe ka ba. Buɗe."

Na dubi Kawu. Yana gyara hula yana kallon sama. Na buɗe but, na kwantar da kujera, anka cusa. Ina kallon bayan motar yana sauka, har tayoyin sunka kusa ɓuya.

To ga mu nan bisa doro. Masu bugun shinkafa da ke wata gona kusa sunka hango mu, sunka aje damman hannunsu sunka taho, ƙaiƙayi duk jikinsu. Bayan an gaisa da Kawu, wani mai faɗin kafaɗa ya duƙa ya leƙa.

"Alhaji, wanga yaron naka shi yay yanke mata ƙahwa?"

"Shi na," in ji Kawu. "Injiniya na."

"Ashe! Sannu injiniya. Kwanci taka yi, ka jira ta ƙyanƙyashe."

Sunka bushe da dariya, ni ma na yi. Amma a raina ina ta ganin 'yan gwangwan nan masu shurin taya. Wani ya ce a sauke buhunan a maida su ƙauye a amalanke, in an samu babbar mota a aiko. Na yi wuf na ce haka ya kamata.

"A'a," Kawu ya ce. "Kayan tsohuwa ba su komawa tana gani. Ku sauke, a ɗaga, a maida."

Haka anka yi. Anka fid da kayan anka jera gefen hanya, zabbin na riƙe su a hannu. Mutanen sunka kama bayan motar, mai faɗin kafaɗa ya ce bismilla, sunka ɗaga ta sunka gusa da ita gefe awa gadon amarya. Na leƙa. Salansa ta ƙuje, ta ɗan lotsa, amma babu abin da ya fashe. Anka maida kayan ɗaya bayan ɗaya, bayanta ya sake sauka. Na nufi ƙofar direba, sai Kawu ya miƙo hannu.

"Kawo makullin."

Shi ke nan, na ce a raina, ta tahi. Na ba shi. Ya naɗe babbar rigarsa bisa kafaɗa, ya ba ni hularsa in riƙe, ya duƙa ya shiga yana nishi. Rabonsa da tuƙa motar tun ina firamare. Na zagaya na zauna da hula a hannu guda, zabbi a cinya.

"Kai ka saka ƙahwa cikin rami don ka ga kowa nan yaka bi," ya ce yana tada ita. "Tarakta ce kai? Diba."

Ya ɗora tayoyin hagu bisa doron tsakiya, na dama bisa gaɓar hanya, ramin ya koma ƙarƙashin cikinmu. A giya ta ɗaya, sannu sannu, ya leƙa da kansa ta taga yana bin doron. Kuskure kaɗan taya ta zame mu koma inda munka fito. Sitiyarin yana motsa shi da yatsu kawai, motar tana amsawa nan take. Na ji ya ce "hmm". Can gaba ya sake cewa "hmm". Har munka hau kwalta cikinta bai ƙara taɓa ƙasa ba.

Na zaci zai tsaya ya ba ni. Bai tsaya ba. Munka ratsa Argungu, a tudun rage gudu tayoyin baya sunka gurji jiki, ƙiiit, ya harare ni, na sunkuyar da kai. Da munka fita gari hanya ta buɗe, sai na ga ya gyara zama. Ya sa ta uku, ya sa ta huɗu. Akwai wata doguwar kwana a hanyar, ina ganinta na ƙanƙame zabbin. Kawu ya rage giya guda, injin ya yi kuka, ya shiga. Da duk buhunan nan motar ta bi kwanar a miƙe, ko kabewa ba ta gangara ba.

"Kai!" ya ce. Ya bugi sitiyari da tafin hannu. "Kai, ɗan nema! Ko tana sabuwa sai ta kwanta mani a wagga kwana!"

"Kawu, rage."

"Yi mani shiru. Riƙe tsuntsayenka."

Dariya yake, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, iska tana kaɗa wuyan rigarsa. Rana ta yi sanyi, gonakin shinkafa dama da hagu, ƙamshin banda ya cika motar. Ya ba ni labarin yadda ya taɓa zuwa zance da ita aka taru ana kallo, har mai garin ya aiko a tambaya ko baƙon gwamna ne. Bai rage gudu ba sai da munka hango kasuwar Ambursa.

Kafin magariba munka iso gida. Ya tsaya da ita, hannunsa bisa sitiyari. 

"Ta kunyata ni gaban mutane," ya ce.

"Haka ne, Kawu."

"Amma ta maido ni." Ya zare makullin ya juya shi a hannu. "Gaban kar ka taɓa shi. Bayan ka ɗaga, don tsohuwa ba ta daina ba da tsaraba saboda kai. Shagon a matsa da shi can gefe." Ya jefo mani makullin a cinya, kan zabbin. "Ran Juma'a kuma ka wanke ta ka aje mani, ni zan fita da ita."

Sai da na raba saƙonnin mutane gida gida, sannan na zauna bisa hancin motar, yana da ɗumi har lokacin, na danna waya na aika wa abokina saƙon murya:

"Kai Bakatsine, amarya ta tsira. Gobe da safe ka zo da jak, za mu ƙara wa baya tsawo. Ka aro buhu biyu wurin masu injin shinkafa, da su a ciki za mu auna. In ka makara babu kai babu bandar kifi."