Kwanon Ummu Bishoy

Ummu Bishoy ce a hawa na ƙarshe na benenmu, tun kafin na fara aikin gyaran taragon cikin gari a Iskandariya. Mijinta ya rasu da wuri, da keken ɗinki ta raini 'ya'yanta. Kirista ce, Bakibɗiya, azuminsu na cin fiye da rabin shekara: ba nama, ba madara, ba ƙwai. Ban taɓa jin ta yi wa kowa wa'azi a kai ba. Lalo da kuɓewa da tumatir take shukawa a tsofaffin gwangwanaye a kan rufi, takinta ɓawon albasa da ganyen shayi.

Ni dariya nake mata, har ranar da zuciyata ta kayar da ni a ƙarƙashin tarago. Likita ya ce ko in bar maiƙo ko a tsaga ƙirji. 'Yata Rasha ta sa na rantse: daga yau sai abin da ƙasa ta fitar, shi ma wanda ba a yi wa feshi ba. Na rantse da ƙarfi, har na je gidan shayi na yi shela. Kafin mako ya zagayo na fara mafarkin hanta.

Sai ga kwanon miyar lalo daga Ummu Bishoy. A wurinmu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, nan dabara ta faɗo mini. Na sayo soyayyiyar hanta na cika shi, na hau bene ina haki. Na san tana cikin babban azumi. Za ta ce a'a, ni kuma ba na zubar da abincin Allah.

"Usta Ragab, har da wahala?" Usta take kira na, yadda ake kiran gwanin sana'a a wurinmu. Ta karɓa hannu bibbiyu. Ta leƙa taga, ta ƙwala wa mai gadin benenmu kira, ta zura masa kwanon a kwandon igiya. Ina tsaye ina kallon hantata tana sauka.

"Ai da kin ce ba kya ci..."

"Sai ka taimaka mini ka cinye, ko? Goge bakinka, yawu na zuba."

"Don Allah kada Rasha ta ji."

"In ba ka so ta ji, gobe ka cika kwanon da ɓawon kayan miya. Ka haɗo da bokitin ruwa, gwiwoyina sun gaji."

Haka nake yi har yau. Ita ta sauko da miya, ni in hau da shara da bokiti. Likita ya jingine maganar tsaga ƙirji, ya ce abincin ne ya yi aiki. Ni dai benen nake zargi. Mai gadi kuwa duk ya gan ni sai ya tambaya yaushe zan sake mayar da kwano.