Ƙusar Tibamanya

Mijina Tibamanya ya yi shekara ashirin da biyu yana jan sarƙar awo a bayan safiyoyi, tun zamanin da ake auna ƙasa da ƙafa da gumi. Ya zagaye tsaunukan Kigezi kaf, ya dawo mini da ciwon gwiwa da surutu, ban ga wani abin da ya tara ba. Amma in kana son ka ga fara'arsa, to ka ambaci ginshiƙin simintin da ke kan tudunmu.

Safiyoyin dā ne suka kafa shi a gonarmu ta sama, daga kansa suke fara kowane awo a kwarin nan. Wata shekara sai ji-ta-ji-ta ta bazu wai Turawa sun ɓoye zaiba mai tsada a cikin irin waɗannan ginshiƙai. Mutane suka bi tudu-tudu da guduma. Namu ma ranar kasuwa aka farfasa shi, ba a sami komai ba sai tsakuwa. Allah ya sani, mutumin nan sai da ya yi hawaye a gaban ɓaraguzan.

Washegari ya kwashe su, ya zuba ƙasa, ya dasa omugorora a kewaye, itacen nan da muke dasawa a kan iyaka, wanda ba mai tumɓuke shi da rana tsaka. Ya ce kada fartanya ta taɓa wurin. Wuri mai kyau fa, wanda zai ba ni wake kwando uku. Shekara goma sha biyar ina mita.

"Tsoho, wai me kake gadi? Gawar siminti?"

"In na gaya miki yau, gobe duk kasuwa ta ji," in ji shi. "Noma naki kawai."

To bara ne rigimar Nyamwija ta taso. Matar wani abokin mijina ce da ya rasu, ba ta da komai sai gonar dankali guda a gangare, da ita take ciyar da 'ya'ya huɗu. Bayan mutuwar mijin, itatuwan iyakarta suka ɓace. Maƙwabcinta Rwabutera ya ce awaki ne suka cinye, ya kuma ce ai rabin dankalin a cikin ƙasarsa yake. Dattawan gari suka kira safiyo daga birni, wata mata mai suna Kemigisha, ta zo da na'urar da ke jin saƙon taurarin ɗan'adam. Nyamwija ta miƙa mata tsohuwar takardar gonar, wadda Tibamanya da kansa ya ja sarƙar awonta.

Da safe na'urar ta ajiye iyaka a gefen dankalin. Da la'asar ta ajiye ta a tsakiyarsa.

"Kun gani ko," in ji Rwabutera, har da gyara hula. "Wannan daga sama take ji, ba ta san ƙarya ba."

"Ta safen kuma daga ina ta ji?" na ce masa. "Daga rijiya?"

Kemigisha dai ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce a kwari irin namu tsaunuka na tare rabin sama, saƙon yakan bugi dutse kafin ya iso, don haka na'ura ɗaya tana iya kaucewa da taku goma. Maganinta sai a kafa ta biyu a wurin da aka san lambarsa daidai, ta riƙa ganin kuskuren tana gaya wa 'yar'uwarta. Amma ginshiƙan da aka ƙirga lambobin takardar daga kansu, duk an fasa su. Dattawa suka gaji, suka ce to a raba gardama a bi awon la'asar. Nyamwija ta zauna a kan kunyar dankalinta ta rufe fuska da zane. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai na ji muryar tsohona. "'Yata, ta biyun tana nan?"

"Tana cikin mota, Baba."

"Ɗauko ta. A zo mini da fartanya."

Muka hau tudu, shi a gaba yana ɗingishi. Ya shiga tsakiyar itatuwansa ya ce a haƙa. Da ramin ya kai gwiwa aka ci karo da faifan dutse. Aka ɗaga, sai ga siminti, a tsakiyarsa 'yar ƙusar tagulla.

"Na saman don ido ne," ya ce. "Na gaskiyar a ƙasa muke binne shi. Da sun sani da sun tone."

Kemigisha ta durƙusa ta goge ƙusar da hannun rigarta. Ta duba wayarta ta samo lambar wurin, ta ɗago ta kalle shi. "Baba, shekara shida ina neman ko guda ɗaya."

Ta kafa na'urar a kan ƙafafu uku daidai bisa ƙusar, muka jira kamar awa guda, sannan muka gangara da ɗayar. Wannan karon ta wuce dankalin gaba ɗaya, ta shiga dawar Rwabutera taku huɗu ta tsaya. Ya ce bai yarda ba. Aka zagaya aka dawo har sau uku, tana komawa wuri guda, bambancin bai kai faɗin yatsa biyu ba. Tibamanya ya ce a tona nan ɗin ma. Sara biyu da fartanya, sai ga kututturen omugorora, an sare shi sumul a ƙarƙashin ƙasa.

"Rwabutera," na ce, "awakin naka da adda suke kiwo?"

Dattawa ma sai da suka dara. Shi kuwa ya tuna yana da saniya da ba a ba ta ruwa ba.

Yanzu an sa ƙusar a cikin takardun hukuma, an yi mata murfi. Gonaki sun fi arba'in da aka auna daga kanta, kuma duk safiyon da ya zo sai ya tsaya ya sha kunun dawa ya saurari surutun tsoho. Amma ni abin da nake tunawa shi ne yammacin ranar. Nyamwija ta tsaya a bakin ramin tana waige-waige, ba ta da reshen da za ta dasa, an sare nata duka. Ban yi shawara da kowa ba. Na sake hawa tudun nan da ƙafata, na yanko rassa daga itatuwan da na yi shekara goma sha biyar ina zagi, na kawo mata. Tana dasawa tana kuka, 'ya'yanta na danna ƙasa da dunduniya.

A hanyar gida Tibamanya ya dafa kafaɗata saboda gwiwa.

"Waken fa?" ya ce.

"Rufe mini baki," na ce. "Gobe zan je in cire wa itatuwan ciyawa."