Yadda Muka Yi Jinyar Barde a Nakkasa

Wata Juma'a ce a shekarar 1965, makonni kaɗan bayan alhazai sun watse, ina da shekara tara. Da hantsi Inna ta wanke farar rigar da Baba yake zuwa masallaci da ita, ta sa mata bula, ta shanya a igiyar tsakar gida. Iska ta taso daga bayan dutse ta kaɗo rigar, ta faɗa daidai inda karenmu Barde yake barci a gindin bango. Ni Rabi aka aika in ɗauko. Ina ɗagawa na ga gefenta ya jiƙe sharkaf, ya yi rawaya, ga zarni. Barde kuwa yana ta minshari cikin ɗan tafkin da ya tara, bai ma san ya yi ba. Na tsaya riƙe da rigar da yatsu biyu, dariya na cina, tsoro na cina. Ran nan da tsohuwar rigarsa mai faci a kafaɗa Baba ya sauka Harami.

Gidanmu a Nakkasa yake, wata unguwa a Makka, a kan gangaren dutse, ɗaki biyu na kwano da katako, da rumfa, da garken awaki a baya. Baba yana tatsar awakin ya kai madara unguwar Mansur, ni kuma in na dawo daga makarantar allo sai in zaga maƙwabta in tattaro musu busasshen burodi da ɓawon kankana. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, a ƙafa ta taso daga ƙasar Kano tun tana da ƙarfinta, ta ratso Chadi da Sudan, kuma har ta rasu Larabcinta bai wuce na cinikin albasa ba. Barde kuwa ya girme ni. Baba ya karɓo shi yana ɗan kwikwiyo daga wani makiyayi Balarabe, saboda karnukan dawa da ke saukowa daga duwatsu suna ɗauke 'yan awaki. Ja ne, mai yagaggen kunne ɗaya, kuma ya san iyakarsa fiye da mu yara. Bai taɓa leƙa ɗaki ba, bai taɓa taka inda ake shimfiɗa tabarmar salla ba, in ya ga an ɗauki buta ma sai ya ja da baya. Shi ya sa abin da ya faru ya ɗaure wa kowa kai.

Ashe mafari ke nan. Tsufa ya kama shi, fitsari ya daina tsaya masa. Duk inda ya kwanta sai ya tashi ya bar jiƙa, wani lokaci yana tafiya yana ɗiga, ya waiwaya ya duba kamar yana neman wanda ya yi masa wannan aika-aika. A gidan da ake salla sau biyar wannan ba ƙaramar magana ba ce, balle a unguwar da ruwa sai sagga, wato mai ga-ruwa, ya hauro da shi a garwa biyu yana nishi. Inna ta gaji da kwara ruwa a tsakar gida. Ruwan kuma in an kwara sai ya bi gangare ya ɓulla ta ƙarƙashin kwano zuwa gidan maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa, daidai inda take ajiye turmin da take surfa waken ƙosanta. Ta shigo ranar wata Talata, mayafi a kafaɗa, ta gaisa da kowa tsaf, sannan ta ce ita fa ba rigima ta zo ba, amma ko kare ko ita, ɗaya zai bar dutsen nan. Bayan la'asar Baba ya ce gobe zai sa wa Barde igiya ya kai shi can kwarin bayan gari ya sako shi.

Na ruga bayan garke na sha kukana. Iya kuwa tana zaune tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago kai ba. Ba ta kiran sunan Baba, kasancewarsa ɗan fari, sai ta ce, "Kai wannan, shekara goma sha uku yana kwana a waje don awakinka su kwana lafiya. Ka ba ni wata guda, ni da Rabi. In ya gagare mu, ni zan riƙe maka igiyar." Baba ya sosa ƙeya ya ce to.

Dabararmu ta farko abin dariya ce. Iya ta yanka tsohon buhun fulawa, ta ɗinka wa Barde ɗan bante har da mazagi, ta cusa tsumma a ciki. Muka ɗaura masa. Ya tsaya ƙiƙam, ƙafafu a ware, yana kallonmu kamar mun ci amanarsa. Yaran unguwa suka hau kan duwatsu suna ihu wai kare ya yi wando zai tafi kasuwa. Kafin azahar wata akuya da muke kira Kwaɗayi ta bi shi a baya, ta sansano ragowar fulawa, ta cinye rabin banten yana jikinsa. Iya ta yi dariya har hawaye, ta ce, "To, wannan ɗinki ya tafi sadaka."

Daga nan muka koma ga yashi. Muka zaɓi kusurwar da ke can ƙasan garke, inda gangaren ya karkata zuwa fili ba zuwa gidan kowa ba. Na jera duwatsu na yi da'ira, muka zuba tsakuwa a ƙasa, yashi mai laushi a sama. Kullum da safe in kwashe wanda ya jiƙe da fasasshen kwano in kai juji, in barbaɗa tokar murhu, in zuba sabo. Yashin daga kwarin da ruwan sama ke bi nake ɗebowa, sai na mayar da abin wasa, ni da ƙawayena muna tsere da gwangwanaye a ka, wadda ta zubar ita za ta yi mana goyo. Iya kuma ta lura cewa in aka tashe shi aka fita da shi kafin mararsa ta cika, jiƙar tana raguwa sosai. Ba mu da agogo, sai ta ɗaura abin a kan kiran salla. Da ladan ya ɗaga murya sai in kira Barde mu zaga bayan dutse, in tsaya ina jefa 'yar carafke har ya gama. Cikin mako biyu ya gane, yana jin kiran salla zai miƙe da kansa ya tsaya a bakin ƙofa, har Baba ya ce wannan kare ya fi wasu samarin unguwa amsa kira. Ruwan sha ba mu taɓa hana shi ba a wannan zafin na Makka, sai dai mu cika masa kasko da rana, mu rage bayan magariba. Cinyoyinsa da fitsari ya fara saɓulewa kuwa, da ruwan ɗaurayar wanki muke wankewa, in tsane masa da tsumma, Iya ta miƙo mini man shanu a murfin gwangwani in shafa, sannan ta tsaya a kaina sai na wanke hannu da ƙasa da sabulu.

Wata safiya na tashi da wuri don kwasar yashi, sai na tarar da Iya a bayan rumfa tana wanke zaninta a ɓoye, ta jingine tabarmarta a jikin dutse tana ɗiga. Muka haɗa ido. Na gane, ta kuma gane na gane. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Rabi, jiki in ya tsufa ba ya shawara da mai shi. Ki bar shi tsakaninmu." Ban faɗa wa kowa ba. Daga ranar, in na ɗebo ruwan Barde sai in ajiye wata garwar a bayan rumfa, ita kuma in ta sami dabino sai in tsinci uku a ƙarƙashin allona.

Da wata ya cika Baba ya zaga tsakar gida yana shaƙar iska, hannu a baya kamar mai duba gidan haya. Ya leƙa kusurwar yashi, ya daɗe a tsaye. Bai ce mun ci nasara ba, amma washegari ya dawo daga Mansur da falle biyu na tsohon kwano a ka, ya kafa wa Barde rumfa a wurin. Hajiya Tabawa ma ta sauko, har takan aiko da ƙosan da ya ƙone a ce a ba tsohon. Ba wai ya warke ba ne. Yana jiƙa shimfiɗarsa har ƙarshe, wani lokaci ma ya kasa kai wa bayan dutse, mu dai mun koyi zama da abin. Ya ƙara ganin aikin Hajji biyu a haka, sannan wata rana da azahar aka kira salla bai tashi ba. Baba da kansa ya ɗauke shi ya haƙa masa rami a bayan garke.

Yanzu an rushe wancan gefen dutsen, ko inda garken yake ba zan iya nunawa ba. Ina zaune a hawa na huɗu, ruwa na zuwa da murɗa famfo, jikokina suna amsa mini Hausa da Larabci, kuma ba su taɓa shafa kan dabba ba sai a hoto. Na wuce shekarun da Iya take da su a lokacin, nawa jikin ma ya fara yin gaban kansa. In 'yata ta shigo da safe ta sauya mini zanin gado tana ba ni labarin kasuwa, kamar ba ta ga komai ba, sai in yi shiru in saurare ta. Na san irin wannan kirkin, a hannun tsohuwa na koye shi.