Uwa da Rago da Ɓera

Ina koyarwa a wata sakandare a Karaye lokacin da ciwon kwamfuta ya kama ni, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Na gaji da bin layin tafireta duk lokacin jarrabawa. Malamin lissafinmu, wanda ya taɓa koyon gyaranta a Kano, ya ce sabuwa ba ta talaka ba ce, amma in na sayo kayan cikinta na gwanjo ɗaya bayan ɗaya, shi zai haɗa mini. Ya rubuta mini sunayensu a takarda.

To, ina kuɗin? Dukiyata kaf saniya ce guda, wadda mahaifiyata ta bar mini da ta rasu. Tana cikin garken Kawu, yayanta, a Zoza. Kawu dillalin shanu ne, mutum mai taurin kai, in ransa ya ɓaci sai ya bar Hausa ya koma Fillanci.

Bayan mun gama gaisawa har da tambayar kaji, na faɗa masa buƙatata. Ya ce, "Malam, karanta mini abin da za a saya." In ya kira ni Malam, to ba girmamawa ba ce.

Sheɗan ya zuga ni. Na ɗauki takardar na riƙa fassara masa sunayen kai tsaye daga Turanci. Babban allon da ake dasa komai a kansa, na ce sunansa uwa. 'Yar ƙwaƙwalwar da ke riƙe aiki, sunanta ya yi kama da na rago a Turance, na ce rago. Abin da ake ja da hannu kuwa ɓera ne, wannan ban ƙara ko gishiri ba.

"Saniya guda za ta koma uwa da rago da ɓera?" in ji shi. "Ɓeran ma saye za a yi? Ka zo rumbuna ka kwasa kyauta."

Ya yarda ya sayar, amma da sharaɗin ƙafarsa ƙafata har Kano.

Mai shagon da muka je ba ya jin Hausa sai "sannu" da "albarka", don haka na zama tafinta. Kawu ya tsuguna kamar yana kara, wato kasuwar shanu. Ya ɗaga ɓeran ta wutsiya, ya ce a ɗauki mafi araha, ɓera ɓera ne. Akwatin da za a zuba kayan ya lotsa ta gefe, ya ce ba komai, garke ba ya sa nono. Allon da ake dannawa a yi rubutu harafi ɗaya ya goge, ya ce ai ni malami ne, na san wurinsa. Wallahi har na fara jin daɗin zuwa da shi, don ya matse mutumin nan sai da ya yi gumi.

Da aka zo kan uwa aka fito da guda biyu. Ɗaya tsaf, mai ɗan tsada. Ɗayar rabin kuɗinta, amma akwai tabon ƙuna a gefenta. Ni kuwa idona na kan wani ƙaton gilashi mai kala, irin na talabijin, wanda na riga na hango shi a ɗakina malamai suna leƙe. In na ɗauki uwa mai araha, canjin zai kai ni gare shi. In na ɗauki mai kyau, sai dai ƙaramin gilashi fari da baƙi.

Kawu ya shinshina mai tabon, ya ce, "Tambaye shi, wannan ta taɓa ciwo?"

Na tambaya. Mai shagon, Allah ya saka masa, ya ce an taɓa gyara ta, ba zai yi rantsuwa a kanta ba. Na juya na ce wa Kawu, "Ya ce lafiyarta ƙalau, tabon ado ne, haka ake ƙera su."

Kawu ya dube ni, ya dubi mutumin, ya ce, "To, madalla." Ya aike ni in nemo mai baro da zai kai mana kayan tasha. Na tafi ina yi wa kaina kirari. Ko da na dawo an ɗaure kwalaye da igiya.

Washegari a Karaye malamin lissafi ya zo haɗawa, na tara abokan aiki biyu don su shaida. Na yanke igiyar babban kwali, sai ga tsummokara da takardu, a tsakiya ɗan gilashin nan fari da baƙi yana kallona. Aka fashe da dariya. Malamin lissafi ya buɗe ɗayan kwalin ya ce, "Kai, amma ka iya zaɓen uwa!"

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Rogo, na ƙarasa Zoza a kan babur, raina a ɓace. Na tarar da Kawu yana ba maruƙa dusa. Na ce, "Kawu, da wane baki kuka yi ciniki da mai shagon bayan fitata?"

Ya nuna mini yatsunsa. "Shekara nawa ina ciniki da mutanen kudu? Ba na jin Turanci, amma mutumin ya girgiza kai, kai kuma ka ce mini ƙalau. Kuma kana sosa ƙeya. Tun kana rarrafe haka kake in za ka yi ƙarya."

Na ce ai kuɗina ne. Ban ƙarasa rufe baki ba na yi nadama.

Bai koma Fillanci ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ajiye ƙwaryar dusa ya ce, "Ɓera ka yi yadda ka so, rago ma haka. Amma saniyar nan ƙanwata ta raine ta da hannunta, ta ce a ajiye maka. Abin da ya rage maka na uwa ke nan, ni kuma na kai shi kasuwa. Sai in tsaya ina kallo ka musanya shi da uwa mai ciwo?"

Kunya ta rufe ni, kewar mahaifiyata ta taso mini. Na tsuguna na ɗauki ƙwaryar na ci gaba da ba maruƙan.

Ɓera uku na canza a kan kwamfutar nan, gilashin ma daga baya ya mutu. Uwar ba ta taɓa yi mini ko tari ba. Duk sanda na je Zoza, bayan ya tambayi iyali da aiki, sai Kawu ya ce, "Ya jikin uwar taka?"

Nakan ce, "Da sauƙi, Kawu," hannuwana biyu a kan gwiwa, inda zai gan su.